Buhun Kwanan da Na Sayo wa Labo

Wana Labo irin mutumin nan ne da in ka ce masa ina kwana, sai ya dubi gabas ya tabbatar rana ta fito kafin ya amsa. Haka Allah ya yi shi. Uwarmu ɗaya, ubanmu ɗaya, amma in na miƙa masa goro sai ya juya shi ya duba bayansa. Ni ne Mumuni, ƙaninsa, ina tuƙa motar haya tsakanin Dogarawa da Ƙonni. Shi kuma yake riƙe da garkar albasar da tsohonmu ya bar mana a kwarin Maggiya, wadda har yau ba a raba ba.

Abin da ya shiga tsakaninmu magana ce guda ɗaya tal. Shekarun baya motata ta kwanta, ina cikin haushi a wurin shan shayi, na ce da za a sayar da garkar nan da kowa ya huta. Iyakarta ke nan. Ban kawo mai saye ba, ban je wurin maigari ba, ban ma sake tuna na faɗa ba. Labo kuwa ya ɗauki maganar ya ajiye inda ko gara ba ta kaiwa. Daga ranar, in na gaishe shi garka nake nema, in ban gaishe shi ba ma garka nake nema.

Da ɗarin bara ya shigo, ɓarayi suka dami garake. Aka wayi gari babu injin ban ruwan maƙwabcinsa na gabas, ba a jima ba na kudu ma ya bi. Sai Labo ya kwashi tabarmarsa da bargonsa ya koma kwana a bukkar kara da ke gindin rijiya. Mutum ya haura hamsin, ga tarin da ke kama shi duk shekara, ka ji ƙirjinsa yana kuka kamar tsohuwar ƙofa. Wanda bai taɓa kwana a kwarin Maggiya da ɗari ba, kada ya zo yana ba ni labarin sanyi. Daga ƙasa yake tasowa, raɓa kuma ta sauko daga sama, kafin asuba bargo ya jiƙe ya zama kaya.

Matarsa Hawa'u ce ta same ni a tasha ina jiran mota ta cika. Tsakanina da ita wasa ne, na ƙanin miji da matar wa, ba ta taɓa ganina ba ta ce wani abu a kan tumbina ba. Ran nan ba ta zo da wasa ba.

"Mumuni, majo ya ce in ɗari ya sake shiga ƙirjin wanka bana, ba shi ganin cirar albasa," in ji ta. "Na yi magana har bakina ya gaji. Kai ɗan'uwanai na, ka san yadda za ka yi."

Majon, wato babban ma'aikacin jinyar asibitinmu, ba mutum ne mai tsorata mutane a banza ba, saboda haka da yamma na gangara garka. Na ce wa Labo a riƙa ɗauko injin da amalanke kowace yamma a mayar da safe. Ya ce to tiyon fa, da dashen da ke cikin fangali, da shanun da ke ratsowa? Kuma wanda bai tayar da injinsa tun da duhun asuba ba, maƙwabta sun janye ruwan ƙasa, sai ya tarar da laka a rijiya. Na ce a ɗauki mai gadi. Ya dube ni ya ce, mai gadin da ni zan kawo? Na juya na koma mota.

Tunda ba zai bar bukka ba, sai a kai masa ɗumi can. Kaskon gawayi ba zai yi ba, hayaƙi ne ke fara tayar masa da tarin. Amma akwai wani abu da nake gani wurin jandarmomin da ke tsare shinge a hanyar Ƙonni, wani buhu mai zif da suke shiga su rufe har wuya. Da asuba in na tsaya haƙorana suna karo da juna, sai in ga ƙato ya fito daga ciki yana miƙa, har da gumi a goshi. Na tambayi ɗaya daga cikinsu, ya ce buhun kwana ne, in duba wurin masu bosho, wato gwanjo, ranar kasuwa.

Ranar Laraba, ranar kasuwar Ƙonni, na sauke fasinja da sassafe na nufi wurin Lawali, wanda ke kwance dilolin gwanjo a bayan 'yan takalma. Na san Lawali, ni nake ɗauko masa kaya wani lokaci, kuma sanin da na yi masa ne ya sa ban yarda da shi ba. Da na faɗa masa abin da nake so sai ya shiga cikin rumfa ya fito da guda uku ya shimfiɗa a kan leda.

Na farko sabo ne fil, daga Illela aka ƙetaro da shi, sai ƙyalli yake, ga hoton dutse mai farin kai a jikin jakarsa. Na ɗaga shi a rana, wallahi ta cikinsa na hango mai lemun da ke tsallaken hanya. Na ajiye. Na biyu kauri ne da shi da nauyi, an cusa masa wani abu kamar soson katifa, ga faɗi kamar na mutum biyu. Shi ne ya fara shiga raina. Sai dai zif ɗinsa a rabi yake tsayawa, da na kai hanci kuma na ji warin rima, irin na kayan da suka sha ruwa suka bushe a ƙunshe. Na ukun kore ne da ya koɗe, tsukakke ta wajen ƙafa, da hula mai igiya ta wajen kai. Da na ɗauka sai na ji kamar ban ɗauki komai ba. Kuma shi ne Lawali ya yi wa kuɗi ƙasa da sauran, bai kai na bargo mai kyau ba.

Nan ne na tsaya. Na ce, "Lawali, mi yas sa wanga ya hi su arha? Mi anka yi mashi?"

"Ba a yi mashi komi ba," in ji shi. "Mutanenmu da nauyi su ka sayen bargo. Kowa yaz zo sai shi ɗaga, shi ji ba nauyi, shi aje shi tahi. Ya daɗe nan, na gaji da ganinai."

Ya nuna mini wata lamba a jikin wuyan buhun, ya ce ita ke faɗin irin sanyin da yake iya tarewa. Na ce wanda ya rubuta lambar bai taɓa kwana a Maggiya ba, ya nuna mini abin da ido zai gani. Sai ya dunƙule buhun a hannu ya matse har ya koma kamar ƙunshin goro, ya sake shi, muna kallo ya kumbura ya koma yadda yake. Ya ce wanda ya mutu ba ya tashi haka. Ya ja zif sama da ƙasa bai sarƙe ba. Ya ɗaga shi a rana gida-gida, babu inda haske ya ratso. Ya ce tsukewarsa ma alheri ce, ƙaramin ɗaki ya fi saurin ɗumi, kuma in an ja igiyar hula iska ba ta da ƙofar shiga ta wuya. Abu biyu ya ja mini kunne a kai: a sa kwali ko tabarma biyu a ƙasa, kuma kada a kusance shi da wuta.

Ni dai baki ba ya sayar mini da kaya. Na tuɓe takalmi a tsakiyar kasuwar Ƙonni na shige ciki na ja zif har haɓa. 'Yan takalma suka bar cinikinsu suna dariya, wata mata ta ce a duba ko direban ya sha wani abu. Ban kula su ba. Safiyar da sanyi sosai, amma kafin mai shayi ya gama haɗa wa Lawali kofi guda na ji ƙafafuna sun ɗauki ɗumi, bayana ya fara naso. Na fito na zauna ina shafa abin, zuciyata ba ta kwanta ba. Abu babu nauyi, ɗumin daga ina?

"Mi ke ciki?" na tambaye shi.

Lawali ya dubi dama ya dubi hagu, ya rage murya. "Gashin agwagwa na. Na ƙirji, mai laushi. Turawa haka su ka cusa shi, kamar yadda mu ka sa audugar rimi cikin matashi. Amma in ƙauye za ka kai shi, ka riƙe bakinka."

Na janye hannuna. Ba sai ya yi mini bayani ba. A wurinmu in aka farke matashin kai ko katifa aka ga gashin tsuntsu a ɗinke ciki, ba a tambayar wane tela ya yi aikin. Tambayar da ake yi ita ce wa ya yi wa mai shimfiɗar asiri. Muna yara an farke matashin wata mata a unguwarmu da ta daɗe tana jinya, aka sami gashin zabo a ƙulle da zare, rigimar sai da ta kai gidan maigari, har yau jikokinta da na waɗanda aka zarga ba sa cin abincin juna.

Na sake ɗaukar mai nauyin nan na juya shi. Na tuna raɓar Maggiya, na tuna zif ɗin da ba ya rufuwa, na tuna warin rima a ƙirjin da ko ƙurar gero ba ya so. Na koma kan koren. Ni direba ne, na je Kwatano na je Agadas, na san duniya ba a Dogarawa ta tsaya ba. Na ce gashi dai a ciki yake, wa zai gani? Na biya na naɗe shi a ƙarƙashin hammata, kuma ko yau aka jera mini su uku shi zan sake ɗauka.

Kafin magariba na kai masa. Na tarar yana naɗe tiyo, yana tari yana tofarwa. Na shimfiɗa buhun a kan tabarma na nuna masa yadda ake shiga da yadda ake jan igiya. Bai ce sannu ba. Ya ɗauke shi da yatsu biyu ya auna nauyinsa, ya shinshina, ya leƙa ciki har ƙarshe kamar mai neman maciji.

"Kai kas saye da kuɗɗinka?"

"Awo, Yaya."

"Don mi?"

"Don kada ɗari shi kashe ka."

"Yaushe mutuwata ta hwara damunka?"

Na ji maganar har cikin ƙashina. Ya rataye buhun a jikin bukka ya ce zai duba. Na san abin da duba ke nufi wurin Labo, sai dai ban zaci abin zai zo da sauri haka ba. Washegari da hantsi, ina tasha, aka aiko wai in zo garka yanzu.

Ashe bai kwana a ciki ba. Da gari ya waye ya sauko da shi yana bin ɗinki da yatsa, sai ya ga wani ɗan farin abu ya leƙo. Ya ja, wani ya biyo. Ya sa wuƙar yankan albasa ya tsaga gida ɗaya. Da na iso na tarar da shi zaune a kan tulin ƙasa, ga farin gashi ya tara a cikin ƙwarya ya rufe da faifai don kada iska ta kwashe. Hawa'u tana tsaye gefe da kwanon furar da ta kawo, ta ƙi haɗa ido da ni.

Ya buɗe faifan. "Wane malami yay yi maka wanga aiki?"

Na yi rantsuwa. Na faɗa masa duk abin da Lawali ya faɗa mini, da Turawa, da audugar rimi, da jandarmomin shinge. Ya bar ni na gama tsaf.

"Ashe ka san shina ciki," in ji shi. "Jiya da kan nuna mani igiya da hula, mi yah hana ka nuna mani wanga?"

"Don na san halinka."

"Ni ma na san naka."

Na ce in je in ɗauko Lawali a motata ya yi masa bayani da bakinsa. Ya ce mutumin da nake ɗauko wa kaya? Na ce to a bar wannan, in koma in sayo masa wani marar gashi, ko bargo biyu sababbi cikin leda. Ya ce ko ruwa ba zai karɓa daga hannuna ba sai an san gaskiyar wannan. Raina ya ɓaci ƙwarai, har na ji kunnuwana suna zafi. Na ce to yaya yake so a san gaskiyar, a kira agwagwar ta ba da shaida?

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Kai za ka kwana ciki. Nan, kusa da ni, ina kallo. In wata yat tsaya kana lahiya lau, na amsa in shiga, in roƙe ka gahwara gaban mutane. In ko ba haka ba, kowa ya gani."

A lokacin wata ko rabi bai yi ba, kuma ɗarin yanzu ne ma yake shiga ƙarfinsa. Na dubi Hawa'u, ta ɗan gyaɗa mini kai. Na ce na yarda. Na tattara gashin da ke cikin ƙwarya na mayar, na karɓi allura da zare na ɗinke tsagar da hannuna.

Haka na koma kwana a garka. In na ajiye mota da magariba sai in gangara, mu yi salla kowa a gefensa, ya ci tuwonsa in ci nawa. Sai ya tsaya a kaina har in shige in ja zif, sannan ya je ya kwanta cikin tsohon bargonsa. Da asuba kafin ya tayar da inji sai ya hasko ni da cocila. Ya duba idona, ya ce in fito da harshe, ya tambaye ni abin da na yi mafarki. Mutum da gemunsa da 'ya'yansa, kullum ana duba masa harshe kamar akuyar da za a saya.

Wannan duk ina iya ɗauka. Abin da ban iya ɗauka ba shi ne ɗumin. Wallahi tunda aka haife ni ban taɓa kwana cikin ɗumi irin na buhun nan ba, kuma ban taɓa tsanar wani abu kamarsa ba. Ina kwance kamar jariri a bayan uwa, ga ɗan'uwana a gefe ya dunƙule, tabarma tana motsi saboda rawar jikinsa, tari yana tayar da shi yana mayar da shi. Na ce masa tunda ga ni nan ina gadi, ya tafi gida ya kwana a ɗaki. Ya ce don ya wayi gari ba inji ba ni? Wata rana na kasa jurewa na fito daga buhun na kwanta a tabarma haka nan, na ce in za a sha sanyi mu sha tare. Ya tashi zaune ya ce, to ga shi nan, ni ma tsoronsa nake ji. Dole na koma ciki na ja zif.

Mutanen garake kuwa sun samu abin yi. Kowa ya biyo ta wurinmu sai ya tsaya gaisuwa mai tsawo yana ƙare mini kallo. A tasha ma labari ya kai, har wani ya ce mini na rame. Ban rame ba, ƙiba ma na yi, don rabona da barci mai nauyi haka an daɗe. Kowace yamma sai in ɗaga kai in duba wata, in ga kamar da gangan yake ƙin raguwa. Labo kuwa kullum murya tana ƙara shaƙewa, amma na lura ya fara rage tsawon binciken asuba. Har wata safiya na kama shi ya sa tafin hannu cikin buhun bayan na fito, ya daɗe bai cire ba. Na yi kamar ban gani ba, amma na ji daɗi sosai.

Wata ya kusa ɓata, saura kaɗan a fara duban sabo, sai mura ta kama ni. Murar da kowa ke yi ce a lokacin. Gilashin ƙofata ba ya rufuwa, fasinja kuma tun daga Dogarawa har Ƙonni a ƙeyata suke tari. A wata shekarar ko kula ta ba zan yi ba. A wannan karon kuwa na san atishawa guda a gaban Labo ta isa ta rushe komai. Na sayi ƙwayoyi a tasha ina haɗiya a ɓoye. In atishawa ta taso sai in cusa fuska cikin hular buhun in danne ta har hawaye su fito. Da magariba in yi ta surutu da ƙarfi don ya ga lafiyata lau, alhali gaɓoɓina kamar an daka. Na ƙi zuwa wurin majo, don kafin in fito daga asibiti labari ya riga ni isa garka.

Ranar da abin ya fi ƙarfina, na ji kiran sallar asuba daga gari kamar a cikin ruwa. Labo ya kira sunana na kasa amsawa. Jikina zafi kamar murhu, amma rawar ɗari nake a cikin buhun da ban taɓa jin sanyi a cikinsa ba. Ya hasko ni. Ya sa hannu a goshina ya janye da sauri.

Na ce, "Mura ta, Yaya. Mura ta kawai."

Bai saurare ni ba. Ya kama zif yana ja ta inda ba a ja, ya ƙi buɗuwa. Sai ya zaro wuƙarsa ya tsarge buhun tun daga wuya har ƙafa, gashi ya tashi ya cika bukka. Ya kama ni ta hammata ya jawo ni waje, mutumin da ko buhun taki ba ya iya ɗagawa sai ya huta. Ya kwantar da ni a tabarmarsa ya rufa mini bargonsa, ya tuɓe tsohon kwat ɗin da ke jikinsa ya ƙara mini a kai. Sannan ya kwashi buhun ya fita.

Ta ƙofar bukka nake kallonsa. Ya tara kara ya ƙyasta ashana ya jefa buhun a kai. Abin ya kama nan take, ya narke yana ɗiga, baƙin hayaƙi ya turnuƙe, warin ƙonannen gashi da roba ya cika kwari. Labo yana tsaye a cikin hayaƙin daga shi sai 'yar shara, ƙafa ba takalmi a kan raɓa, yana juya wutar da sanda don kada ko gashi ɗaya ya tsira. Tari ya sarƙe shi har ya durƙusa, ya tashi ya ci gaba. Ina kiransa ya fito daga hayaƙin, muryata ba ta kai ba.

Da ya gama ya dawo ya tsuguna a kaina yana haki. Na sake cewa mura ce, kowa a tasha yana yin ta.

"Yi shiru," in ji shi. "Aikin ya juyo bisa kanka. Ka ji warinai ai." Ya gyara mini bargon ta wajen ƙafa. "Ko kai kay yi, ba ni tsayawa ina kallo shi cinye ka. Mi za ni ce ma Inna gobe ƙiyama?"

Na yi kuka, ba na jin kunyar faɗa. Shi kuwa ya miƙe ya je ya tayar da inji, ya shiga cikin fangali yana juya ruwa da 'yar shararsa, don rijiya ba ta jiran kowa. Da rana ta fito maƙwabta suka ɗora ni a amalanke suka kai ni wurin majo. Ya ce zazzaɓi ne ya haɗu da mura, ya yi mini allura ya ce me na tsaya jira.

Kafin in miƙe, Labo ya faɗi. A yammacin ranar aka tsince shi a bakin rijiya numfashi yana fita da ƙyar. Ni na tuƙa shi zuwa babban asibiti, da zazzaɓina a jikina, Hawa'u tana riƙe da kansa a baya. Ya daɗe a kwance, har muka fara cire rai. Allah ya yi da sauran kwana, ya tashi, amma ba Labon da aka sani ba ne ya dawo gida. Likita ya ce shi da garka har abada, ba kwana ba, ba ban ruwa ba, ko tafiya mai nisa sai da hutu.

Albasa kuwa tana tsakiyar girma, kuma ba ta san an yi rashin lafiya ba. 'Ya'yan Labo mata ne, duk suna gidan aure. Sai na ba wani direba motata na koma garka, ni da na ce a sayar kowa ya huta. Na koyi juya ruwa da tsufana, na kwana a bukkar nan da bargo biyu, na sha sanyin da ya rage har ya wuce.

Ka san me mutane suka ce? Suka ce aiki ya yi. Labo ya fita, garka ta koma hannun Mumuni, me ake nema kuma? Ba wanda ya faɗa mini a fuska. Sai dai in na yi sallama a majalisa a amsa a gajarce, in na matso da kofina mai shayi ya ɗauraye shi sau biyu bayan na sha. Hawa'u tana aiko mini da tuwo kullum, amma ta daina cewa komai a kan tumbina, kuma wannan ya fi duk sauran yi mini ciwo.

Da aka cire albasa na ɗauko buhun farko na kai gidan Labo. Na same shi zaune a rana a ƙofar ɗakinsa, ya jingina da bango, wuyansa kamar a ƙirga jijiyoyi. Ya ce in zauna. Ya sa Hawa'u ta fito ta tsaya, ya ce yana so ta zama shaida.

"Mumuni, na yi tunani da ina kwance," in ji shi, yana tsayawa yana jan numfashi tsakanin kalmomi. "Shaiɗan na. Kuma kai ma ka ɗanɗana, ka ga yadda abin yake. Ba ni so in mutu da kai cikin raina. Na yahe maka, duniya da lahira."

 Na buɗe baki in ce masa ban yi komai ba, agwagwa ce, mura ce, ɗumi kawai na so ya ji. Sai na ga yadda ƙirjinsa ke hawa da sauka a ƙarƙashin riga, na san in na fara musu tari zai sarƙe shi kafin in kai ƙarshe. Fuskarsa kuma a sake take, yana murmushi irin na wanda ya sauke kaya, ya miƙo mini hannu yana jira.

Na kama hannun da hannu biyu. Na ce, "Na gode, Yaya."